Kara a Kan Baho

Talata, 7 ga Oktoba, da hantsi

An rufe makaranta sai abin da hali ya yi. Shugabar makaranta ba ta faɗi dalili ba, amma kowa ya sani, cutar amai da gudawa ce ta shigo gari. Na dawo gida da littafin kemistiri da wannan sabon littafin rubutu da ban taɓa ba. Bari in yi ta rubutu a cikinsa, tunda ba mai yi min magana a gidan sai Kaka, ita kuwa rabin maganarta da kaji take yi.

Inna da ƙanwata Raudatu suna asibitin Ɗambatta tun ranar Asabar, Raudatu ce a kwance, Inna tana jinya. Baba yana kai da komowa. Saura ni da Kaka da kifaye.

Kifayen na Raudatu ne. Baba yana aikin tagogin gilashi a Kano, to da ragowar gilashin wani gida ya haɗa mata akwati, ya sayo 'yan kifin ado uku a cikin leda. Ita ta raɗa musu suna. Barkono ƙarami ne, ja, mai rawar kai. Manja mai tumbi ne. Alhaji fari ne tas, da jan tabo a ka kamar ya sa dara. Shekarunta bakwai amma ta fi ni sanin ranar canja musu ruwa. Da za a sa ta a mota ta ce min kada in bar Alhaji ya mutu kafin ta dawo. Na ce to.

Talata, bayan la'asar

Ma'aikatan lafiya sun shigo unguwa. Sun dama farin gari a bokiti sun zuba a rijiyarmu, sun zuba a tankin famfon sola. Sun ce kada a ƙara jan ruwan rijiya, a famfo kaɗai za a ɗiba. Gari ya gauraye da warin bilic.

Akwai mace ɗaya a cikinsu, Anti Bilkisu ake ce mata. Tana da ɗan akwatin roba. Ta ɗebi ruwan famfo a ciki, ta jefa wata 'yar ƙwaya, ta girgiza, sai ruwan ya koma kalar zoɓo da aka tsinka sosai. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Ya yi." Na so in tambaye ta me ke cikin ƙwayar. Na matsa har kusa da ita, da ta waiwayo sai na gaishe ta kawai na koma baya.

Sun raba wa kowane gida ƙwayoyin tace ruwa. Kaka ta ƙulle namu a bakin zane kamar goro.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Tarwaɗar rijiya ta taso, cikinta a sama.

Kakanmu marigayi ne ya jefa ta tun tana ƙarama don ta riƙa cinye tsutsar ruwa. Gidaje da yawa a nan suna da irinta. Ta girmi Raudatu. Baba ya fiddo ta da guga kafin ya fita, na ce ya bar min ita tukuna. Na ɗaga gefen kanta, wurin da take numfashi. Wanda ya kamata ya zama ja wur ya koɗe, ya yi yauƙi kamar an watsa masa ruwan zafi.

Kaka ta tsaya a kaina ta ce, "Maganin da ya kashe tarwaɗa, shi ake cewa mu sha."

Na ce, "Kaka, mu cikinmu yake shiga. Ita da shi take numfashi. Kamar a ce miki ki shaƙi hayaƙin barkono dare da rana ne."

Ta ce, "To, Likita. Sai ki rubuta mata magani."

Yau ce ranar canja ruwan su Alhaji. Ban canja ba.

Laraba, da azahar

Na duba littafi. Maganin da suka zuba kulorin ne. Kulorin iska ce da aka narkar a ruwa, in aka bar ruwan a buɗe takan fice da kanta, musamman a abu mai faɗin baki a cikin rana. Abin ya burge ni, wai ruwa ma yana sauke numfashi. Na cika shuɗin bahon Inna na ajiye a gindin rumbu. Na tambayi Baba ko in ɗebo musu na kududdufi, ya ce ko cokali ɗaya na kududdufi ba zai shigo gidan nan ba. Yadda ya faɗa ya sa ban sake magana ba. Da damina ce da na tari na indararo, to ruwan sama ya ɗauke tun wancan babban da ya cika tsakar gida.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Na tarar da faifai a kan bahon. Na ɗaga, warin ya bugi hancina, kamar ma ya fi na jiya. Ta yaya abin da ke ficewa zai ƙaru? Ko faifan ne ya tare shi, ko hancina ne. Na cire faifan.

An shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan su Asiya, 'yar ajinmu. Ba a bar mata sun taru ba. Kaka ta shiga ta fito, ko zama ba ta yi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Yau kuma tire aka kifa masa. Ban ƙara yarda da hancina ba, don hannuna da hijabina da tuwon da muke ci duk warin nan suke yi. Ruwan akwatin ya yi duhu, kifayen suna ta hawowa sama suna buɗe baki. Na bar bahon ya sha rana sosai, sannan na kwashe kaɗan daga na akwatin na zuba musu sabo.

Barkono ya yi ta zagaye da gudu yana goga jikinsa da dutse. Na ɗauka murna yake yi.

Asabar, 11 ga Oktoba, da safe

Na haƙa wa Barkono rami a gindin zogale. Ban gaya wa Baba ba.

Asabar, bayan magariba

Na gano.

Na zauna a bayan rumbu kamar ina tsince wake. Ana kiran salla Kaka ta fito zagayen da take yi kullum, ta rufe randa, ta rufe tukunya, ta kife ƙwarya. Da ta zo kan baho ta tsaya ta yi tsaki, ta kwance bakin zane, ta ciro ƙwaya ɗaya ta jefa a ciki, ta yi bisimilla ta ɗora faifai. Na ji tana cewa, "Yarinya sai karatu, ba hankali. Ruwa ba magani ba murfi."

Ke nan ina fitarwa da rana tana mayarwa da magariba. Da Raudatu na nan da ta yi dariya har ta faɗi.

Ban san yadda ake ce wa Kaka ta bari ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

An wuce da su Kano. Baba ya ce fitsarin Raudatu ya ɗauke, can sun fi kayan aiki, shi ke nan abin da ya ce. Ya ɗauki zannuwan Inna biyu da filas. Ya ɗauki takalmin Raudatu, ya tsaya yana kallonsa, ya mayar ya ajiye.

Na tafasa buta ɗaya, na bari ta huce, na yi ta sheƙa ruwan daga kofi zuwa kofi kamar mai shayi don iska ta shiga, sannan na zuba musu. Buta ɗaya ba ta kai ko'ina ba. Itacen da ya rage na tuwo ne, kuma ba mai zuwa daji yanzu.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Jiya na ɗora bahon a kan rufin akurkin kaji, inda Kaka ba za ta kai ba. Da safe na ga murfin tukunya a kai. Da sandar shanya ta tura shi. Ƙwayar ma ta shiga, ban san yadda ta yi saiti ba.

Litinin, da la'asar

Na yi magana. Muna ɓarar gyaɗa, ban ɗaga kai ba, na ce, "Kaka, ruwan baho na kifi ne. So nake maganin ya fita. In an rufe ba ya fita."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Furera, ba a barin ruwa ya kwana a buɗe. A shekara akwai dare guda da annoba take sauka, duk abin da ta samu ba murfi sai ta shiga. Ba wanda ya san daren. Wannan ba a littafinku yake ba, amma ya girmi littafinku."

Na ce, "Ai ba mai sha."

Ta ce, "Dare ɗaya aka bar randa a buɗe a gidan nan. Ɗaya tak. Kin ga inda muke."

Ta tattara ɓawon gyaɗar ta tashi, alhali ba mu gama ba.

Ban tambayi wa ya bari ba. Mutum ɗaya ne yake zagayen rufe tukwane a gidan nan. Ranar babban ruwan nan ƙafar Kaka ta matsa mata, ta kwanta tun kafin magariba. Tun da aka tafi da Raudatu ban ga ta cinye tuwonta ba, kaji take ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da azahar

Baba bai zo ba. Ya kira wayar maƙwabta ya ce a gaya mana da sauƙi. Kullum da sauƙi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Na ciro tiyon da Baba yake zuƙar mai da shi, na wanke shi tas, na zuƙe kashin da ya taru a ƙasan akwati. Na rage musu abinci, don abin da bai shiga ba ba zai fita ba. Littafi ya ce kifi yana fitar da amoniya a cikin ruwan da yake zaune, ita ce take sa shi wahala in ba a canja ba. Mu ƙoda ce take yi mana wannan aikin, tana tace jini tana zubarwa. In ƙoda ta tsaya

Ba a kan wannan nake karatu ba.

Kaka ta shigo ɗakin ta same ni durƙushe. Ta daɗe tana leƙen gilashin, ta ce, "Ina ɗan jan nan mai rashin kunya?"

Na ce yana gindin zogale.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun Asabar.

Na ga tana lissafi a ranta. Ta taɓa ƙullin bakin zanenta ta saki. Ta fita.

Laraba, bayan magariba

Kaka ta zo gindin rumbu, inda na mayar da baho, da karan gero a hannu, dogo, ta fere shi fes. Ta kira ni ta ce, "Zo ki gani, Likita. Kakanki yakan ce in mutum ya rasa murfi, ko kara ne ya gitta a bakin abin ya ambaci sunan Allah, ya wadatar. Ni ban taɓa rasa murfi ba, shi ya sa na manta."

Ta gitta karan a kan baho ta yi bisimilla. Ƙwayar tana ƙulle a zanenta, ba ta kwance ba.

Na ce, "Kaka, ai ba mu rasa murfi ba."

Ta ce, "Kifi ya rasa. Rufe min baki."

Sannan ta ɗaura jan tsumma a hannun bahon, ta ce duk wanda ya kai wannan ruwan bakinsa sai ta karya masa kara a baya. Mu biyu ne a gidan.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Ruwan ya kwana biyu da kara a kai. Na je na wanke fuskata, na shinshina ganyen lemo don hancina ya dawo daidai, sannan na shinshina baho. Ba wari ko kaɗan. Na canja musu rabi. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, wai iska take sha.

Juma'a, da la'asar

Manja yana kwanciya a gefe ɗaya. Alhaji ya maƙale a lungu, wurin numfashinsa yana bugawa da sauri. Ban gane ba. Ba wari. Na bi littafi, Kaka ta bi ni. Me ya rage a cikin ruwan da hanci ba ya ji?

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Gindin zogale kuma, yau Manja.

Asabar, da azahar

Ba a kira waya ba jiya, ba a kira yau ba.

Na ƙi fita daga ɗakin. Na zauna ina ƙirga bugun numfashin Alhaji, in na ɓace in sake daga farko. Kaka ta kawo min koko ta ajiye, ta zauna a bakin gadon Inna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Furera, kifi kifi ne. Ran mutum ba a cikin gilashi yake ba."

Na ce na sani.

Ta ce, "Na san kin sani. Sha kokon."

Na ce sai in ita ma za ta sha. Muka raba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Alhaji yana nan. Buta ɗaya.

Litinin, 20 ga Oktoba, da azahar

Yau na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba.

Ma'aikatan lafiya sun dawo auna famfo. Na ɗebi ruwan baho a kwalba na bi su. Na tsaya a bayan Anti Bilkisu har ta gama da masu layi. Ta waiwayo ta ce, "Ke ce mai gaisuwa ta gudu. Yau ma gaisuwar ce?"

Na miƙa mata kwalbar na ce don Allah ta auna min.

Ta ce, "Na sha ne?"

Na ce na kifi ne.

Abokin aikinta ya yi dariya ya ce, "Mutane muke fama da su, Hajiya." Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Da na faɗi sunan Baba ta dube ni, ta ce wa mutumin ya yi gaba za ta same shi. Ta biyo ni har gida.

Ta zuba ruwan baho a ɗan akwatinta ta jefa ƙwaya. Ruwa ya tsaya fari. Ta ce, "Kin gani, ya fita." Na ce to me ya kashe Manja? Ta ce, "Wane ne Manja?" Kaka ta amsa daga bakin murhu, "Mai tumbin." Anti Bilkisu ta yi ɗan tunani, ta laluba jakarta ta ciro wata ƙwaya daban, ta ce ba kasafai suke amfani da ita ba. Ta jefa a kan ta farko. A hankali, kamar wanda ake tasa daga barci, ruwan ya fara ja.

Kulorin yana ciki ashe, ya ɓuya ne.

Ta ce ƙwaya ta farko tana nuna kulorin da ke yawo shi kaɗai, ta biyu tana nuna wanda ya kama wani abu ya riƙe. In ya tarar da amoniya a ruwa sai su haɗe su zama kuloramin, shi kuwa ba ya tashi da wuri, sai ya yi mako yana nan, kuma warinsa kaɗan ne. Na ce ina ruwan famfo ya samu amoniya? Ta nuna min bayan katanga da haɓa. Gonaki ne har bakin tanki, ba tazara, kowace shekara ana zuba musu takin gida da na zamani, ga turken shanu.

Kaka ta ce, "Wato aure ya yi, shi ya sa ya ƙi tafiya."

Anti Bilkisu ta ce, "Haka ne, Iya. Mu kam muna son sa haka, ya fi daɗewa yana tsaron ruwa. Kifi ne ba ya so." Ta ce a Kano masu sayar da kifin ado suna da wani ruwa na kwalba da ake ɗigawa, amma ita ba ta san sunansa ba.

Da za ta tafi ta leƙa rijiyarmu, ta auna da ido tsakaninta da bayan gida, ta ce, "Wancan babban ruwan ne ya cuce ku. Duk layin nan ya kwaso na masai ya zuba a rijiyoyi. Ko da murfin ƙarfe kuka rufe randa, a cikin guga abin ya shigo." Da ni take magana, amma na ga hannun Kaka ya tsaya a kan muciya.

Kaka ta ce, "Allah ne masani."

Ta bar min ƙwayoyin awo, kashi biyu na kowane iri. Ta ce kada in gaya wa mai dariya.

Litinin, bayan magariba

Kaka ta cinye tuwonta. Kaji sun yi ta jira.

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Na kwana da abin a raina, da asuba ya faɗo min. A zangon da ya wuce Malam Tasi'u mai koya mana kemistiri ya ɗiga aidin a ruwa ya yi ruwan ƙasa, ya jefa bitamin si, kalar ta ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Ajin ya ɗauka dabo ne. Aidin da kulorin kuwa 'yan gida ɗaya ne, a layi ɗaya suke a jadawalin da ke bayan littafi. Abin da ya kwance wa zai iya kwance ƙane.

A cikin kwallar Inna akwai ragowar fararen bitamin si na lokacin da Raudatu ta yi mura. Na daɗe riƙe da ledar. Inna ta yanke kusurwarta da haƙori, wurin yana nan.

Na raba ɗaya biyu, na murƙushe rabi da bayan cokali, na zuba a baho na juya da karan Kaka. Na jira. Na ɗiba a kofin gilashi na jefa ƙwaya ta farko. Fari. Na jefa ta biyu. Na ƙura ido har ya yi min zafi.

Fari.

Don kada in yaudari kaina na ɗebo na famfo na gwada da kashi na biyu, ya yi ja nan take. To ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau.

Kaka ta ce, "Yanzu har kifi ake ba maganin mura." Na ce ba kifin ake ba ba, ruwan ake ba. Ta ce, "Duk ɗaya, gidan nan kowa majinyaci ne."

Na canja wa Alhaji kaɗan, ba rabi ba. Na koyi wannan.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Alhaji ya fito daga lungu. Ya ci.

Na ƙara canja kaɗan. Amoniyar da ta rabu da kulorin tana nan a ruwan, na sani, shi ya sa kaɗan-kaɗan. Har yanzu ina barin baho ya kwana don ya sha iska, Kaka kuma tana gitta masa kara.

Laraba, da la'asar

Yarinyar maƙwabta ta shigo da waya a guje. Baba ne. Sai da ya maimaita sannan na ji. Kunya nake ji in rubuta amma zan rubuta yadda ya faɗa. Ya ce, "Ki gaya wa Kaka, Raudatu ta yi fitsari. Ta yi fitsari, Furera, har ta jiƙa zanen gado."

Na gaya wa Kaka. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye ta ɗaga hannu sama. Can ta share fuska ta ce, "Shekara uku ina dukanta a kan wannan."

Lahadi, 26 ga Oktoba, da azahar

Na share ɗakin Inna. Na goge gilashin ciki da waje. Na yi ta shirya abin da zan ce a kan Barkono da Manja. Na yi tunanin in ce an kai su dam. Na yi tunanin in roƙi Baba ya sayo wasu a hanya, amma za ta gane, ta san tabon kowa.

Talata, 28 ga Oktoba, da la'asar

Sun dawo.

Inna ce ta goyo Raudatu daga bakin titi, ƙafafunta suna reto har gwiwar Inna. An aske mata gefen kai. Hannunta duk tabon allura. Maƙwabta sun cika zaure suna sannu da arziki, ita ko kallonsu ba ta yi ba, ta ce a kai ta ɗaki.

Inna ta sauke ta a gaban akwatin. Ta dafa gilashin da yatsa ɗaya. Alhaji ya taso ya tsaya saitin yatsan.

Ta ce, "Saura fa?"

Kaka ta ce, "Suna gindin zogale. Ni na kashe ɗaya da magani, ɗaya kuma takin gonar ubanki ne. Yayarki ce ta tsare wannan."

Na ɗauka Raudatu kuka za ta yi. Ta ƙara matsawa har hancinta ya taɓa gilashi, ta daɗe, sannan ta ce, "Yaya Furera, Alhaji ya rame."

Kaka ta ce, "Ke kin ga kanki?"

Inna ta yi dariya, rabin dariyar ba dariya ba ce. Baba ya fita wai zai duba babur.

Talata, bayan magariba

Kaka ta fito zagaye. Ta rufe randa, ta rufe tukunya, ta kife ƙwarya. Raudatu tana kwance a tabarma a tsakar gida tana binta da ido. Da ta ga an nufi baho da kara ta ce, "Kaka, wannan ai ba murfi ba ne."

Kaka ta ce, "Murfi ne. Tambayi Likita."

Raudatu ta ce a ba ta ita ta sa. Na ɗauke ta na kai ta gindin rumbu, ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Karan ya suɓuce mata ya faɗa ruwa. Kaka ta tsamo shi ta girgije ta sake miƙa mata, ta ce, "Ba ki yi bisimilla ba ne."

Ta yi. Ya zauna.